Zoɓo, Albasa da Tsatsar Kitsen Jini

(Kiɗan taken shiri)



Duk mai shiga kasuwa ko tashar mota ya saba jin mai lasifika yana tallan garin magani, yana cewa yana wanke kitsen jini, yana buɗe jijiya, yana hana shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya shiga babban kantin magani a birni kuma zai ga kwalabe masu sheƙi da aka shigo da su daga waje, an rubuta musu antioksidan, kuɗin guda ya isa cefanen sati. Mai lasifika da mai kanti abu guda suke sayarwa, wato alkawarin cewa akwai wani sirri a cikin tsiro da ke kare zuciya. Maganar tana da tushe a ilimi, shi ya sa take da wuyar ƙaryatawa. Amma daga tushen zuwa kwalbar akwai tafiya mai nisa, kuma a kan hanyar ne kuɗin mutane ke salwanta, wani lokaci har da lafiyarsu. Yau za mu bi wannan hanya tare.

Mu fara da kolestarol ɗin kansa, don an ɓata masa suna fiye da kima. Wani nau'in maiƙo ne da jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta a jikinmu, da shi hanta ke haɗa ruwan matsarmama mai narkar da mai a hanji, daga shi jiki ke samar da bitamin D da sinadaran balaga na maza da mata. Mafi yawansa ma jiki ne ke ƙera abinsa, musamman a hanta. Na cikin abinci ƙari ne. To, da yake mai ba ya haɗuwa da ruwa, jini kuwa galibinsa ruwa ne, sai jiki ya riƙa ƙunshe maiƙon cikin wasu 'yan mitsi-mitsin dunƙule masu rigar furotin. Wanda ke ɗaukar kolestarol daga hanta zuwa sassan jiki shi ne likitoci ke kira LDL. Wanda ke kwaso ragowar ya mayar hanta shi ne HDL. Idan LDL ya yi yawa a jini, sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiya yana maƙalewa.

An daɗe da sanin wannan. Tun a 1913 wani likita ɗan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol a birnin Sen Fitasbag, ya kuma ga jijiyoyinsu sun yi tudun kitse irin wanda ake gani a gawar mutanen da ciwon zuciya ya kashe. Da aka duba irin wannan tudu da madubin likita, sai aka ga cike yake da wasu fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu share datti da haɗiye ƙwayoyin cuta. Sun ci kitse har sun kumbura, cikinsu ya yi kamar kumfa. Taruwarsu da mutuwarsu a wurin ita ce ke ƙara wa tudun girma, hanyar jini ta ƙuntata. Ranar da tudun ya fashe, jini ya daskare a kansa ya toshe hanya. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Sai dai akwai wani abin ɗaure kai. Wasu masana biyu a birnin Dalas na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1985 saboda aikinsu kan kolestarol, sun ɗebi waɗannan ƙwayoyi masu share datti suka zuba musu LDL a ɗakin gwaje-gwaje. Ƙwayoyin suka ƙi cika. Suna ɗan taɓawa su bari. A 1979 suka sauya wa LDL ɗin siffa da wani sinadari, nan take ƙwayoyin suka shiga haɗiya ba ƙaƙƙautawa har suka yi kumfa. Ashe lafiyayyen LDL bai dame su ba, wanda ya lalace suke wawaso. To me ke lalata shi a jikin ɗan Adam? Amsar ta fito daga ɗakin binciken Daniel Steinberg a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, a farkon shekarun 1980. Iskar oksijin ce. Wannan iskar da muke shaƙa mu rayu, ita ce ke cin maiƙon da ke cikin LDL.

Masu sauraro, kowa ya san aikin nan da idonsa, ko da bai san sunansa ba. Ƙarfen da aka bari a waje ya sha damina yakan yi tsatsa, oksijin ce ta ci shi. Shi ya sa a shirin nan za mu kira abin tsatsar kitse. Uwargida da ta ajiye man gyaɗa a buɗaɗɗiyar kwalba kusa da murhu ta san yadda bayan 'yan makonni warinsa ke juyawa, in aka yi miya da shi ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. Man ya yi tsatsa ke nan. Yadda abin ke faruwa kuwa, a cikin jiki akwai wasu ɓurɓushin sinadarai marasa natsuwa da ke fitowa yayin da muke ƙona abinci mu sami ƙarfi, hayaƙin taba kuma yana ƙara su ninkin-ba-ninkin. Kowanne ya rasa wani ɗan ƙwayar lantarki, don haka sai ya fizge na maƙwabcinsa. Wanda aka fizge wa shi ma ya fizgi na gaba. Haka ɓarnar ke yaɗuwa daga maiƙo zuwa maiƙo har dunƙulen LDL ya lalace gaba ɗaya, furotin ɗin da ke jikinsa ya sauya kama, ƙwayoyin share datti su ɗauke shi a matsayin baƙon abu.

A nan ne tsirrai suka shigo. Tsiro yana tsaye cikin rana tun safe har magariba, ba shi da ƙafar gudu zuwa inuwa, ga ƙwari ga cututtuka. Allah cikin hikimarsa ya hore masa sinadaran kare kai, kuma da yawansu su ne ke ba shi launi da ɗanɗano. Jan zoɓo, shuɗi-shuɗin albasa, jan tumatir, ruwan ɗorawar karas da manja, baurin shayi da na goro, duk daga gare su ne. Babban rukuninsu ana kiransa folifenol, iri-irinsu sun kai dubbai. Halinsu shi ne su miƙa wa ɓurɓushin nan abin da yake nema ba tare da su kansu sun zama masu ɓarna ba, sai sarƙar ta tsinke, masu irin wannan hali su ake kira antioksidan. Wasu kuma suna kama ƙarfe da tagulla da ke yawo a jiki, waɗanda su ne ke rura wutar tsatsar. Wanda ya taɓa ɓara goro fari ya ajiye ya ga fuskarsa ta rine ta koma ja-ja cikin ɗan lokaci, to folifenol ɗin goron ne ya gamu da iska ya sha tsatsar.

Wani masani a birnin Giraz na ƙasar Ostiriya, Hermann Esterbauer, ya ƙirƙiro hanyar auna wannan kariya a ƙarshen shekarun 1980. Akan ware LDL daga jinin mutum, a zuba masa ɗan ruwan tagulla, a sa ido ga agogo. Da farko shiru, ba abin da ke faruwa. A wannan lokacin na shiru, bitamin E da ke cikin dunƙulen ne ke tare harin, yana ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, sannan dangin sinadarin karas su biyo baya. Da zarar sun ƙare sai tsatsa ta ɓarke gaba ɗaya. Lissafin ya nuna kowane dunƙulen LDL yana ɗauke da ƙwayoyin bitamin E kamar shida ne kacal, ga kuwa maiƙon da ke iya tsatsa sama da dubu. Bitamin C da ke cikin ruwan jini yakan farfaɗo da bitamin E bayan ya gaji, ya koma bakin aiki. Idan kuma aka ɗiga ruwan shayi, ko na inabi, ko na zoɓo a kwalbar gwajin, sai lokacin shirun ya tsawaita sosai. An maimaita wannan a ƙasashe da dama, ba a jayayya a kansa.

Labari mai daɗi ya ƙaru a 1993. A wani gari mai suna Zutfen a ƙasar Holan, an bi dattawa maza 805 tsawon shekara 5 ana lura da cimarsu. Waɗanda suka fi samun irin waɗannan sinadarai sun fi tsira daga mutuwar ciwon zuciya, kuma daga shayi da albasa da tuffa suka fi samunsu. A shekarar dai, manyan bincike biyu daga Jami'ar Habad suka nuna ma'aikatan lafiya masu shan ƙwayar bitamin E sun fi ƙarancin ciwon zuciya. Duniya ta ɗauka an gama. Kamfanoni suka shiga dura sinadaran a kwalba, har likitoci da yawa suka riƙa sha da kansu.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, a nan nake so a ƙara kasa kunne, don wannan ɓangaren ne masu talla ba sa faɗa.

Ilimin likitanci yana da wata hanya ta tantance magani wadda ba ta jin kunyar kowa. A tara mutane dubbai, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rabi maganin gaske, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, ba mai sha ba likitansa da ya san wanne ne wanne. Sai a jira shekaru a ƙirga waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. A ƙasar Finlan an yi wa maza masu shan taba sama da 29,000 haka, aka fitar da sakamako a 1994. Waɗanda aka ba ƙwayar sinadarin karas, wato beta-karotin, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Wani gwajin makamancinsa a Amurka sai da aka dakatar da shi a 1996 kafin wa'adinsa, saboda an ga irin wannan illa. A shekarar 2000 wani gwaji da aka jagoranta daga Kanada, mai mutane sama da 9,500 masu haɗarin ciwon zuciya, ya nuna bitamin E na kullum tsawon shekara huɗu da rabi bai rage komai ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jami'ar Oksfod a Ingila, wanda aka wallafa a 2002. Mutum 20,536, shekara 5. An gwada haɗin bitamin E da C da beta-karotin, a cikin mutanen nan dai aka kuma gwada maganin asibiti mai rage yawan LDL, wanda ake kira simbastatin. Bitamin ɗin sun shiga jini, an auna an gani, amma ba su rage bugun zuciya ko shanyewar jiki ko mutuwa ba. Shi kuwa maganin rage LDL ya rage waɗannan masifu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Gwaji guda, mutane guda, amsa biyu. Duk mai ciwon zuciya ko ciwon suga da likita ya ɗora a kan irin wannan magani, ina roƙonsa don Allah kada wani ya ruɗe shi ya ajiye ya koma wa kwalbar ganye. Na san maganin yana da tsada ga talaka, na kuma san gajiyar shan ƙwaya kullum, amma hujjar da ke bayansa ta rayukan mutane ce da aka ƙirga.

To me ya sa abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji ya kasa a jikin mutum? Dalilan suna da yawa. Masu sayen bitamin da kansu a Amurka galibi masu hali ne, masu motsa jiki, marasa shan taba, don haka lafiyarsu aka gani aka jingina wa ƙwayar. Sannan tsatsar da ke faruwa a cikin bangon jijiya ba ruwan tagulla ke haddasa ta ba, ƙwayoyin garkuwar jiki ne da kansu ke fesa sinadarai masu ƙuna, irin waɗanda suke kashe ƙwayoyin cuta da su, kuma bitamin E ba ya iya tare dukkansu. Wasu masana a Ostireliya ma sun nuna cewa idan bitamin E ya kasance shi kaɗai, ba abokan aikinsa irin su bitamin C, yana iya juyawa ya taimaka wa tsatsar. Ga kuma cewa tudun kitse yana fara taruwa tun ƙuruciya. Wanda ya fara shan ƙwaya yana da shekara 60 ya tarar da aikin shekara 40.

Su kansu folifenol, ɗan kaɗan ne daga abin da muka ci ke ratsa hanji ya shiga jini. Wanda ya shiga ma, hanta takan sauya masa siffa nan da nan, cikin sa'o'i ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Abin da ke yawo a jini bai kai kusa da abin da ake zubawa a kwalbar gwaji ba. Wasu masu bincike a jihar Oregon ta Amurka sun ba mutane tuffa suka ci, ƙarfin jininsu na tare tsatsa ya hau. Da suka bi diddigi sai suka tarar ba folifenol ɗin tuffar ne ya hau da shi ba, sukarin cikinta ne ya sa jiki ya ƙara wani sinadari nasa na kansa. Irin waɗannan dalilai ne suka sa a 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta sauke jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antioksidan a abinci, ta ce kamfanoni na amfani da shi wajen ruɗin masu saye, kuma lambobin ba su nuna abin da ke faruwa a jikin mutum.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe ganye banza ne. Ƙwayar da aka tsamo aka dura a kwalba ce ta faɗi jarrabawa. Abinci kuwa, yadda Allah ya halicce shi, ya ci tasa. A ƙasar Sifen an raba mutum 7,447 masu haɗarin ciwon zuciya gida uku. Kashi biyu aka ɗora su a kan cimar mutanen bakin tekun Bahar Rum, mai yawan ganye da wake da kifi, ana ba wasu man zaitun na tatsar farko, wasu kuma 'ya'yan itace masu mai dangin almon. Kashi na uku aka ce su rage mai kawai. An fitar da sakamakon a 2013, aka gano kuskure a yadda aka raba wasu mutanen, aka sake lissafi aka sake wallafawa a 2018, amsar ba ta sauya sosai ba: bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwarsu sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Tun kafin nan, a 2006, an gwada maza 200 a ƙasashen Turai biyar da man zaitun iri uku, wanda bambancinsu kawai yawan folifenol ne. Wanda ya fi folifenol shi ya fi rage alamun tsatsar LDL a jini. A kan irin wannan hujja ce Tarayyar Turai ta yarda a rubuta a jikin kwalbar man zaitun cewa yana kare maiƙon jini daga tsatsa, da sharaɗin a sami miligiram 5 na sinadarin a cikin giram 20 na man. Masana da dama yanzu suna ganin babban aikin folifenol a jiki shi ne zaburar da ƙwayoyin halitta su ƙera nasu makaman kariya, da kuma sassauta bangon jijiya da rage kumburi.

Man zaitun na gaske ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, kuma ba dole sai shi ba. Albasar da aka ambata a binciken Holan, ga ta nan jibge daga Galmi a Nijar da Aliero a jihar Kebbi. Sinadarinta mai suna kwasetin ya fi yawa a ɓawon waje-waje, don haka iyayenmu mata, in an zo yanka, a cire busasshen ɓawon kawai, kada a yi ta ɓarewa ana zubar da mafi amfani. Ganyen zogale yana da wannan sinadari da danginsa, kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da tumatir da ɗanyar albasa kuwa abinci ne da ba ya buƙatar wani ya zo daga waje ya yabe shi. Jar dawa ta fi fara yawan folifenol, kuma a dusar suke, wadda muke surfewa mu ba dabbobi. Riɗi yana da sinadaran da ke sa mansa ya daɗe bai lalace ba. Gwaiba da garin 'ya'yan kuka suna da bitamin C mai yawa. Wake da kuɓewa kuma suna da wani aikin daban, yauƙi da harzar cikinsu na kama ruwan matsarmama a hanji su fita da shi, hanta ta jawo kolestarol daga jini don ƙera wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, ban da rogo da dankali da doya. A gidaje da yawa, musamman da rani, miyar cokali biyu ce ke rakiyar malmalar tuwo, kuma nan ne giɓin yake.

Zoɓo ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A ɗakin gwaji jan launinsa yana hana LDL tsatsa, an kuma ga ya rage tudun kitse a jijiyar zomaye a binciken da aka yi a Taiwan. A jikin mutane, sakamakon gwaje-gwajen kolestarol ya sha bamban, wasu sun ga raguwa wasu ba su gani ba. Inda ya fi nuna kansa shi ne hawan jini. A Jami'ar Tafts da ke Boston, an raba mutum 65 masu ɗan hawan jini gida biyu, aka ba wasu zoɓo, wasu kuma abin sha mai kama da shi, kofi uku a rana tsawon mako shida, aka wallafa a 2010. Lambar sama ta awon hawan jinin masu shan zoɓo ta sauka da kusan maki 7, ta sauran da kusan maki 1. Amma zoɓon da suka sha ba irin namu na biki ba ne da ake juye wa sukari har cokali ya kusa tsayawa. Sukari mai yawa yana ƙara maiƙon jini, ga mai ciwon suga kuma yana manne wa LDL ya sa ya fi saurin tsatsa. Haka shayin da ake dafawa a ƙaramar buta a majalisa, ganyensa na da amfani, sukarinsa ne matsala. Sai kuma kanwa. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a ruwan zoɓo ko miyar yakuwa don kashe tsami ta ga yadda launin ke dusashewa ya yi duhu. Sinadaran ne ke rushewa a gaban idonta, bitamin C ma ba ya jure kanwa. A rage ta gwargwadon iko, a kuma daina dafa ganye har ya yi laushin da ba a gane shi.

Akwai kuma tsatsar da ke faruwa tun abinci bai shiga baki ba, kuma a ganina ita ce muka fi iko da ita. Ku tsaya gaban kaskon suya da yamma ku duba man. Da safe ruwan zinariya ne, yanzu ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa a gefe, hayaƙinsa na sa ido hawaye tun wuta ba ta yi ƙarfi ba. Gobe a ƙara sabo a kan tsohon a ci gaba. Wannan mai ya riga ya yi tsatsa, bitamin E ɗinsa ya ƙone, ƙosai da awara da doya kuma suna shanye shi. Ban ce wannan don a ga laifin masu sana'a ba, mai ya yi tsada kuma da ribar ake ciyar da yara. Amma a tace gutsattsarin da ke ƙonewa, a rage wuta, a rufe man daga iska da rana, in ya yi baƙi a haƙura da shi. Haka masu ƙona manja har ya yi fari kafin a zuba albasa, jan da ya tafi shi ne amfanin da ya tafi, sai kitsen zalla ya rage. Kuma rubutun da ake yi a galan cewa man ba shi da kolestarol kada ya burge kowa, duk man da aka tatsa daga tsiro haka yake.

Kolestarol na cikin nama da ƙwai da man shanu shi ma yana tsatsa idan ya sha wuta mai tsanani, ko ya daɗe a ajiye, ko aka yi ta ɗumama shi. A 1987 wata mujallar likitoci ta Ingila ta wallafa binciken da ya sami irin wannan lalataccen kolestarol a soyayyen man shanu na Indiya, alhali ba a same shi a ɗanyen ba. Mu ma muna soya man shanu, don haka a soya kaɗan-kaɗan, kada a bari ya ƙone, a rufe shi a inuwa. Wani ɗan ƙaramin gwaji a Los Anjalas a 2010 ya nuna cewa idan aka cakuɗa niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi kafin gashi, cikinsu har da kanumfari da citta da masoro da tafarnuwa, alamar tsatsa a naman tana raguwa da kusan kashi 70 cikin ɗari, ta kuma ragu a fitsarin waɗanda suka ci. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, amma abin ya dace da abin da aka sani, cewa folifenol na yin babban aiki a tukunya da cikin ciki, inda suke da yawa, tun kafin a kai ga jini. Ɗanyar albasa da tumatir da kabeji da mai tsire ke yankawa a gefen takarda, a cinye su tare da naman, kada a ture.

Gargaɗi biyu kafin lokaci ya cim mana. Abin da aka tace aka tattara ƙarfinsa a ƙwaya ya tashi daga abinci ya koma magani, kuma yana iya illa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta bayyana a 2018 cewa ƙwayoyin da ake yi da tataccen koren shayi, idan babban sinadarinsu ya kai miligiram 800 a rana, suna iya taɓa hanta, alhali shan shayin a kofi yadda aka saba bai nuna haka ba. Garin da ba a san abin da ke cikinsa ba kuwa, haɗarinsa ga hanta da ƙoda ya fi haka. Mai shan maganin hawan jini da ke son yawaita zoɓo ya gaya wa likitansa, kada jinin ya sauka fiye da yadda ake so. Na biyu, baurin shayi yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci. Mai juna biyu da duk mai ƙarancin jini su bar tazarar kamar awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi.

Yawan kolestarol ba ya ciwo, ba ya sa jiri ko kasala, kuma siriri ma yana iya samunsa, musamman in gado ne a gidansu. Gwajin jini kaɗai ke nuna shi. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ko yake shan taba, ko wani nasa na jini ya yi bugun zuciya da sauran ƙuruciyarsa, ya je asibiti ya ce a yi masa gwajin kitsen jini. Ana so jimillar ta kasance ƙasa da 200 a ma'aunin miligiram, ko ƙasa da 5 a ɗaya ma'aunin da wasu asibitoci ke amfani da shi. Lambar LDL da ta dace da kai kuwa ta danganta da sauran lalurorinka, likita ne zai faɗa maka bayan ya duba takardar.

A nan za mu dakata a yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)